Bayan digiri sai ina? Fashin baƙi kan aikin masu warkarwa da zane, kiɗa da wasan kwaikwayo

Idan ka buɗe shafin neman aiki na hukumar lafiya ta Birtaniya, wato NHS, ka duba gurbin mai warkarwa da zane, abin da za ka fi cin karo da shi shi ne: mataki na 6 ko na 7 a tsarin albashi, kwana biyu ko uku a mako, wani lokaci kwantiragin shekara guda don riƙe wa wadda ta tafi hutun haihuwa, sannan sharaɗi na farko, rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya irin waɗannan rajista a Birtaniya. Waɗannan 'yan layuka sun ɗauke kusan dukkan labarin sana'ar. Aiki ne na lafiya mai doka da tsari, amma guraben cikakken lokaci ba su da yawa, kuma takardar digiri kaɗai ba ta buɗe ko ɗaya daga cikinsu. Abubuwa uku ne ke yanke wa mai digirin makomarsa: sunan da doka ta yarje masa ya kira kansa da shi, wanda zai biya kuɗin aikin, da babban da zai riƙa duba aikinsa.

Rassan sana'ar huɗu ne: zane da sassaƙa, kiɗa, wasan kwaikwayo, sai motsa jiki da rawa. Dukkansu suna cikin dangin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ana amfani da su ne musamman inda magana ta gaza, kamar yaron da ya ga abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba, ko tsohon da cutar mantuwa ta kwashe masa kalmomi, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta riƙe masa harshe. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 50 zuwa awa guda, a ɗaki ɗaya, a rana ɗaya, a lokaci ɗaya kowane mako. A kan tebur akwai takarda manya da ƙanana, fenti, alli mai launi, gawayi da yumɓu. Ba a cewa majinyaci zanensa ya yi kyau ko bai yi ba, ba a gyara masa layi, ba a kuma fassara masa zanen kamar yadda ake fassara mafarki. Idan lokaci ya cika, a rubuta kwanan wata a bayan takardar, a saka ta cikin jakar da ke ɗauke da sunansa, a kulle a kabad, domin wannan zanen sirrin majinyaci ne daidai da katin asibitinsa. Daga nan mai warkarwa ya zauna ya rubuta rahoton zaman. Rubutun nan, da tarukan ma'aikata, da kiran iyaye da malamai, sukan cinye lokaci mai yawa da sababbin shiga ba su taɓa sa shi a lissafi ba.

Sana'ar ta girma ne a cikin asibitoci. Adrian Hill, mai zanen da ya yi jinyar tarin fuka, shi ne ya raɗa wa warkarwa da zane suna a Birtaniya a 1942. Edward Adamson ya buɗe ɗakin zane a asibitin masu taɓin hankali na Netherne a 1946, ya shekara 35 yana aiki a can. An kafa ƙungiyar masu warkarwa da zane ta Birtaniya a 1964, amma sai a 1997 gwamnati ta amince a shigar da su cikin sana'o'in lafiya masu rajistar hukuma. Wannan tazara ta fiye da shekara 50 tun daga 1942 tana da darasi ga duk ƙasar da sana'ar ba ta kafu ba tukuna.

Ƙofar shiga

A Birtaniya ba a zama mai warkarwa da digirin farko. Sai an yi digiri na biyu, shekara biyu ga mai karatu na cikakken lokaci, ko uku ga mai haɗawa da aiki, a kwas ɗin da HCPC ta amince da shi. Jami'o'i irin su Goldsmiths da Roehampton a Landan, Hertfordshire, Derby, da Queen Margaret a Edinbura suna cikin masu ba da irin wannan horo. Mai neman ɓangaren zane zai kai kundin ayyukansa, kuma masu tantancewa ba gwaninta kaɗai suke nema ba, suna so su ga mutumin da har yanzu yake zane don kansa. Mai neman ɓangaren kiɗa za a gwada shi a kan kayan kiɗansa, a kuma ce ya ƙirƙiri kiɗa nan take yana bin wani, saboda aikin kenan: majinyaci ya buga ganga yadda ya ga dama, kai kuma ka amsa masa. Ana kuma neman shaidar cewa mutum ya yi aikin kula da jama'a na kimanin shekara guda, a asibiti, ko gidan tsofaffi, ko makarantar yara masu buƙata ta musamman. A nan ne masu digirin zane da yawa suke faɗuwa, domin sun zo da kundi mai kyau amma ba su taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya ba.

Cikin karatun akwai abubuwa biyu masu cin kuɗi da ba sa cikin kuɗin makaranta. Na farko, horon sanin makamar aiki, wanda a ɓangaren zane yakan kai kimanin kwana 120, galibi ba tare da albashi ba, kuma kuɗin mota daga aljihun ɗalibi yake fita. Na biyu, wajibi ne ɗalibi shi ma ya riƙa zuwa wajen mai warkarwa a kai a kai tsawon karatunsa, ya biya da kansa. Wasu na ganin wannan sharaɗi kamar ɓarnar kuɗi, amma mu a ganinmu shi ne ƙashin bayan horon. Wanda bai san inda nasa ciwon yake ba zai riƙa ɗora shi a kan majinyaci ba tare da ya sani ba.

Wurin da aka tura ɗalibi horo ya fi darajar takardar sakamakonsa a kasuwar aiki. Wanda ya yi horonsa duka a makarantun firamare zai sha wuya idan ya nemi aiki a sashen manya masu taɓin hankali, domin a ranar ganawa za a tambaye shi yadda ake auna haɗarin mutum ya cutar da kansa, da yadda ake aiki da likita da nas a kan majinyaci ɗaya. Saboda haka mai wayo yakan nemi a raba masa horon gida biyu, shekarar farko yara, ta biyu manya, ko akasin haka.

Bayan kammalawa sai rajista. Sunaye huɗu ne doka ta killace a Birtaniya: biyu na masu zane, ɗaya na masu wasan kwaikwayo, ɗaya na masu kiɗa. Wanda ya kira kansa da ɗaya daga ciki ba tare da rajista ba ya aikata laifi, kuma ana iya cin sa tara. Ana sabunta rajistar duk shekara biyu, kuma a kowane zagaye hukumar takan zaɓi kashi 2.5 cikin 100 na masu rajista ta ce su kawo shaidar ƙarin ilimin da suka nema. A lura cewa masu warkarwa da rawa ba sa ƙarƙashin HCPC, ƙungiyarsu ce ke riƙe da rajistarsu. Wannan ɗan bambanci yana hana su neman guraben da aka rubuta wa sharaɗin HCPC, ko da horonsu bai gaza na sauran ba.

Inda ake samun aikin

NHS ita ce inda aka fi samun tsari: albashi sananne, fansho, hutu, da babba mai duba aiki a cikin gida. Sabon shiga yakan fara a mataki na 6, gogagge ya kai na 7, shugaban sashe ya shiga na 8. A Ingila cikakken mako awa 37.5 ne, don haka idan ka ga an rubuta 0.4 a talla, ana nufin kwana biyu, awa 15. Ana aiki a sassan yara da matasa, ɗakunan kwantar da masu taɓin hankali, sassan masu naƙasar koyo, sassan masu matsalar cin abinci, da asibitocin tsaro inda ake ajiye waɗanda kotu ta turo. Matsalar ita ce tsanin gajere ne. A asibiti guda ana iya samun mai warkarwa da zane ɗaya tilo, kuma babu kujera a samansa sai idan ya yarda ya bar ɗakin zane ya koma shugabancin ma'aikata.

Makarantu ma suna ɗaukar sababbin shiga, musamman makarantun yara masu buƙata ta musamman. Wasu kai tsaye suke ɗauka, wasu ta hannun ƙungiyoyin agaji. A nan ne aka fi samun taƙaddama a kan abubuwan da ake gani ƙanana. A ba ka ɗakin ajiye kaya mai ƙofar da ba ta rufuwa, malami ya leƙo a tsakiyar zama yana neman almakashi, shugabar makaranta ta nemi a manna zanen yaro a allon sanarwa, ko a hana yaro zuwa zaman saboda ya yi rashin ji a aji, alhali rashin jin nan ne dalilin turo shi. Maganin wannan shi ne yarjejeniya a rubuce kafin a fara: wane ɗaki, wace rana, wa ke turo yara, wa ke karɓar izinin iyaye, ina za a ajiye zane, kuma wa za a kira idan yaro ya faɗi abin da ke nuna ana cutar da shi. Sannan a tuna cewa albashin makaranta sau da yawa na makonnin karatu ne kawai, dogon hutu babu ko sisi.

Akwai kuma gidajen kula da masu ciwon ajali, irin su St Christopher's a Landan, da gidajen yari, inda gidan yarin Grendon ya yi suna wajen amfani da zane da wasan kwaikwayo a cikin shirin gyaran hali, da ƙungiyoyin da ke kula da tsofaffin sojoji da 'yan gudun hijira. Tun 2015 gwamnati a Ingila ta buɗe asusun tallafa wa iyalan da suka ɗauki riƙon yara, wanda ke biyan kuɗin irin wannan jinya, kuma masu zaman kansu da yawa da shi suka dogara. Haɗarin a fili yake: duk ranar da aka rage kason asusun, sai makon mutum ya wofinta.

Masu kiɗa suna da wata ƙofa da masu zane ba su da ita, wato farfaɗo da waɗanda suka sami rauni a ƙwaƙwalwa ko jijiya. Ana amfani da bugun kiɗa mai daidaitaccen lokaci don daidaita takun mai cutar karkarwa, wato Parkinson, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, a fara da saurin da ya yi daidai da tafiyarsa, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Wannan ya fi kusa da aikin masu gashin ƙashi, yana buƙatar ƙarin horo, kuma sakamakonsa yana aunuwa da agogo da awon taku, shi ya sa asibitoci ba sa yawan gardama a kan biyansa. Ƙungiyar Nordoff and Robbins, wadda ta samo asali daga aikin da Paul Nordoff da Clive Robbins suka fara da yara naƙasassu a 1959, ita kuma tana horar da nata ɗaliban tana kuma ɗaukar ma'aikata.

A aikace, mafi yawan masu digirin nan ɗinka makonsu suke yi kamar mai ɗinkin tsumma. A ɗauka mutum yana NHS Litinin da Talata, Laraba yana makaranta, Alhamis yana jagorantar rukunin tsofaffi a gidan wata ƙungiya, Juma'a kuma yana ganin mutum uku a ɗakin haya. Wurare huɗu kenan, tsarin rubuta rahoto huɗu, dokokin kare yara da manya huɗu, da akwatin kayan zane da ake jigila a bayan mota. A ranakun da yake zaman kansa, shi zai biya inshorar aiki, kuɗin ƙungiya, kuɗin mai duba aikinsa, hayar ɗaki, kayan aiki, ya kuma cike takardar haraji kafin 31 ga Janairu. Kuskuren da aka fi yi shi ne yanka farashi a kan awa ɗaya ta zama, a manta da awar shiri, da ta rahoto, da ranar da majinyaci bai zo ba. Shi ya sa manyan sana'ar ke ba da shawarar a fara yin 'yan shekaru a ƙarƙashin wata cibiya kafin a buɗe ɗaki na kai. Ga baƙo kuwa, wannan ɗinki yana da wata matsala: bizar aiki tana buƙatar ma'aikata guda da za ta ɗauki nauyinka da albashin da ya kai ƙa'ida, kwana biyu nan kwana ɗaya can ba sa haɗuwa su zama biza. HCPC kuma tana neman maki 7.0 a jarrabawar IELTS, ba tare da wani sashe ya gaza 6.5 ba, ga wanda aka nemi ya tabbatar da Turancinsa.

Wasu sukan fita daga ɗakin jinya gaba ɗaya, kuma ba faɗuwa ba ce. Akwai masu zama malaman jami'a, masu duba aikin ƙanana, masu bincike, masu tsara shirye-shiryen fasaha a asibitoci da gidajen tarihi. Akwai kuma waɗanda suka karɓi aiki da wani suna dabam, kamar jami'in lafiyar ƙwaƙwalwa na yara, inda zane ya zama ɗaya daga cikin kayan aikinsu. Irin wannan gurbi ya fi yawa, amma mai riƙe da shi sai ya yi da gaske, in ba haka ba shekara biyu za ta wuce bai buɗe kwalin fenti ba.

Dalilin ƙarancin guraben yana da alaƙa da hujja. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a ƙa'idarta ta 2014 a duba yiwuwar ba masu ciwon gushewar hankali irin wannan jinya, musamman don rage janyewa daga mutane da mutuwar zuciya. Amma wani babban gwaji mai suna MATISSE da aka yi da irin waɗannan majinyata 417, aka wallafa a 2012, bai ga wani ƙarin amfani daga zaman zane na rukuni ba, ko da yake kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka tura ba su halarci ko zama ɗaya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019, wanda ya duba wallafe-wallafe sama da 900, ya ƙarfafa gwiwar masu sana'ar, sai dai ya haɗa fasaha iri-iri ne, daga waƙar rukuni zuwa ziyarar gidan tarihi. Mai riƙe da kasafin asibiti ya san duk wannan. Don haka mai warkarwa da ke son kujerarsa ta tsira dole ya iya awo: takardar CORE-OM mai tambaya 34 ga manya, SDQ mai tambaya 25 ga yara, a cike a farko, a tsakiya da ƙarshe. Wanda ya zo taron kasafi da labarai masu taɓa zuciya kaɗai, shi ake fara sallama.

A Amurka lissafin dabam ne

Can babu hukuma guda. Takardar sana'a daga ƙungiya take fitowa, lasisin aiki kuma daga jiha. Mai zane yakan yi digiri na biyu, da horon aiki na awa 700, sannan bayan kammalawa ya tara awa 1,000 na zama da majinyata da awa 100 na duba aiki kafin ya sami ATR, wato takardar rajistar mai warkarwa da zane, ya ci jarrabawa ya hau mataki na gaba, ATR-BC. Mai kiɗa kuwa da digirin farko yake shiga, da awa 1,200 na horo, ya ci jarrabawa ya sami MT-BC, takardar shaidar mai warkarwa da kiɗa. Jihar Niyok tana da lasisi na musamman ga masu warkarwa da fasaha, LCAT, wanda ke buƙatar awa 1,500, wasu jihohi suna da nasu na zane ko na kiɗa, wasu kuma babu. Tun da kamfanonin inshora lasisin jiha suke kallo, ɗalibai da yawa sukan zaɓi kwas ɗin da zai ba su damar samun lasisin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a lokaci guda. Wannan ya ƙara daraja tun Janairun 2024, lokacin da inshorar gwamnati ta Medicare ta fara biyan masu wannan lasisi. Abin da ke jefa mutane cikin asara shi ne ƙaura: an yi karatu a jiha ɗaya, an koma wata, sai a tarar da darasi biyu ko uku sun yi ƙaranci, a koma aji. Ba a fafe gora ranar tafiya, kafin a biya kuɗin makaranta ake karanta sharuɗɗan jihar da ake son zama.

Ga mai niyyar dawowa gida

A Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ce ta yi nisa. Hukumar sana'o'in lafiyarta, HPCSA, tana yi wa masu warkarwa da fasaha rajista, Jami'ar Pretoria na horar da masu kiɗa, Jami'ar Wits masu wasan kwaikwayo, Jami'ar Johannesburg kuma masu zane. Ga ɗalibin da ya gama zane ko wasan kwaikwayo a Zariya ko Kano, wannan hanya ta cancanci a duba ta kafin a kalli Landan, domin yanayin da za a horar da shi a ciki ya fi kama da wanda zai dawo ya tarar.

Wanda ya dawo Najeriya da wannan digiri ya shirya cewa shi zai yi wa mutane bayanin aikinsa daga tushe. Wuraren da suka fi kusa da hannunsa su ne asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna, Maiduguri da Kware, cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye, makarantun yara masu buƙata ta musamman, da ƙungiyoyin agaji a arewa maso gabas. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta sauya yadda hukuma ke kallon majinyaci. Ƙungiyoyin agaji kuma suna bin ƙa'idojin 2007 na IASC, kwamitin haɗin gwiwar hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da sauran ƙungiyoyi, masu raba taimako hawa huɗu, kuma yawancin guraben suna hawa na biyu da na uku ne, wato tallafin al'umma da iyali, da taimakon da ba sai ƙwararre ne zai bayar ba. Ma'ana, za ka fi horar da masu sa kai da tsara shiri fiye da zama da mutum ɗaya.

Kayan aikin ma sai an sake tunaninsu. Majinyaci na iya ƙin zana mai rai ko sauraren kiɗa saboda addininsa, kuma ba aikin mai warkarwa ba ne ya yi masa gardama. Akwai zayyana, rubutu mai ado, yumɓu, saƙar tabarma da faifai, ɗinkin hula, lalle, tatsuniya, waƙar baka. Mata da ke zaune suna saƙa tare sukan faɗi abin da ba za su faɗa a ofis ba. Abin da bai kamata a sassauta ba shi ne ƙa'ida. Kada a tara yaran sansani a ce su zana ranar da aka kai hari garinsu, a kwashe takardun a tafi ba a dawo ba, wannan buɗe ciwo ne a bar shi ba ɗauri. A bar yaro ya zaɓi abin da zai zana, a tsara zama shida ko takwas aƙalla da ranar ƙarshe da kowa ya sani, a san asibitin da za a tura wanda abinsa ya yi tsanani. Idan babu babban da zai duba aikinka a kusa, a nemi ɗaya ta intanet, a sa kuɗinsa cikin kasafin shirin tun farko. Zanen yaro kuma ba ya hawa Facebook ko bangon rahoton neman tallafi sai da yardarsa da ta iyayensa, kuma a goge sunansa da sunan garinsu kafin a ɗauki hoto.